Jakin Talaka da Maƙiyinsa na Ɓoye

Abin da ya kai ni wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, cikin ƙasar Kazaure, shi ne in ga yadda manoma ke kai taki gona kafin saukar ruwan shuka; amma da na tsaya a bakin hanya da hantsi ina kallon jakuna suna wucewa da mangala, sai hankalina ya bar takin ya koma kan masu ɗaukarsa, domin da yawansu haƙarƙari a waje, gashi a tashe, ciki kuwa a kumbure kamar tulu.

Bayan gaisuwa da shan ruwa, na zauna da wani dattijo kusa da turken jakinsa, na ce, "Baba, yunwa ce ta ramar da shi haka?"

Ya girgiza kai. "Ɗana, wannan aurakin shi ne ƙafata, shi ne bayana. Shi ke ɗebo mana ruwa, shi ke kai hatsi kasuwa. Harawa ban hana shi ba, dusa ban hana shi ba, amma sai ka ce a rijiya nake zubawa. Na jiƙa masa kanwa, na dafa masa sassaƙen maɗaci, ya ɗan farfaɗo, ya sake komawa. Haka uwarsa ta yi bara: ciwon ciki ya kayar da ita da almuru, kafin asuba ta mutu, ga jaki ya yi tsada, na ƙare damina kaya a kaina."

Wani malamin dabbobi da ke zagaya ƙauyukan Gwiwa har zuwa Babura ya warware mini al'amarin, ya ce galibi tsutsar ciki ce, wadda ƙwayayenta ke fita cikin kashin jaki, su ƙyanƙyashe a kan ɗanyar ciyawa da damina, jaki ya haɗiye su wajen kiwo, har waɗansunsu su kutsa cikin jijiyoyin jinin hanji su toshe su. Akwai kuma tsutsar hanta, wadda katantanwar fadama ke rainonta. Babbar musibar ita ce, jaki dabba ce mai tsananin juriya, ba ya nuna ciwo sai ya ci ƙarfinsa, mai shi kuwa ya zaci taurin kai ne, ya ɗaga sanda.

Maganin, in ji shi, ba ya gagara: a ba da maganin tsutsa irin su ivermectin bisa shawarar masani, a farkon damina da ƙarshenta, a riƙa kwashe kashi daga turke, a kuma sauya wurin ɗauri.

Malaman fiƙihu sun wajabta wa mutum nafaƙar dabbarsa, ni kuwa ina ganin neman mata lafiya yana cikin wannan haƙƙi. Ya kai mai jaki, idan ka ga yana ci yana ramewa, ajiye sanda, ka nemo masa magani.