Nawa Ne Injin Nan?

A bayan tsangayar koyon aikin injiniya ta jami'ar akwai wata doguwar rumfar kwano da ɗalibai suka laƙaba wa suna maƙabarta. Injuna ne kwance a cikinta: na sussukar masara, na ɓarar gyaɗa, na tatsar mai, akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, da na'urar busar da tumatir iri daban-daban. Kowanne an ɗaura masa ɗan kwali mai ɗauke da sunan ɗalibin da ya ƙera shi da shekarar da ya gama, sai dai rana ta riga ta lashe rubutun da yawansu. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi musu bargo, zanzaro kuma ya yi gini a cikin mazurarin injin gyaɗar.

Babu wanda bai taɓa tashi ba a cikinsu. Kowanne ya yi ƙugi aƙalla sau ɗaya, ranar da malami mai jarrabawa ya zo daga wata jami'a, aka zuba masara, tsaba ta fita nan, totuwa ta fita can, aka tafa, aka ba da maki. Daga nan yaro ya karɓi sakamakonsa ya tafi bautar ƙasa, leburori suka cicciɓi injin suka kai shi rumfa.

Ofishin da aka ɗora wa alhakin fitar da irin waɗannan kaya zuwa kasuwa yana can hawa na biyu a ginin hukumar jami'a, ciki da falo, da dogon suna a ƙofa: ofishin kare haƙƙin ƙirƙira da miƙa fasaha ga masana'antu. Hukumar NOTAP ta Abuja ce ta fara buɗe irinsa a jami'o'i da cibiyoyin bincike tun 2006. Mai riƙe da shi a nan wani farfesan kimiyyar sinadarai ne, mutum mai fara'a, wanda bayan wannan kujera yake da aji, da ɗaliban digiri na uku, da kwamitoci. Ma'aikatansa sakatariya ɗaya ce da masinja. A bango an jera takardun shaidar mallakar ƙirƙira cikin gilashi, kowacce da jan hatimi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin waɗannan wacce ta taɓa kawo wa jami'a ko sisi?"

Ya yi dariya, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Malam, ai tukuna."

Wannan tsari daga Amurka aka kwaso shi. A 1980 majalisarsu ta yi dokar Bayh-Dole, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da malamansu suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati. Kafin nan gwamnatin ce ke riƙe da shaidun mallaka wajen 28,000, kuma waɗanda aka ba kamfanoni izinin amfani da su ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ke nan su ma sun taɓa yin tasu maƙabartar. Har gobe kuma ofisoshi da yawa a can ba sa mayar da kuɗin da ake kashewa a kansu, 'yan ƙalilan ne ke cin kasuwa, irin Stanford da jami'ar California da suka samu fiye da dala miliyan 200 daga fasahar haɗa ƙwayoyin gado ta Cohen da Boyer. Amma a can da zarar ka fita ƙofar jami'a akwai kamfanoni masu jiran abin da za su saya. A nan idan ka fita, unguwannin masana'antu za ka tarar inda masaƙu da yawa suka daɗe da garƙame ƙofa.

Ita kanta takardar da ke jikin bango ana ɗora mata nauyin da ba nata ba. Dokar Nijeriya ta 1970 kan wannan sha'ani ta ba mai ita kariyar shekara 20, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Sai dai mai rajista ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, yana duba cikar takardu ne kawai, ya buga hatimi. In rigima ta taso, kotu ce za ta warware. Haka kuma abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa, dokar ta ce na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Takardar ba ta ce abin yana da amfani ba, ba ta ce wani zai saya ba. Amma malamai na rububinta, don tana da maki a fom ɗin ƙarin girma.

Nan gizo ke saƙar. Malamin da ya buga ƙasida a mujalla ya san adadin makin da ya ci. Wanda ya shafe shekara biyu yana zarya tsakanin ɗakin ƙira da gonakin mutane, yana gyara injin har ya daina fasa ƙwayar gyaɗa, ba shi da gurbin da zai rubuta wannan wahala. Ga kuɗin mai daga aljihunsa. Ga yajin aiki, irin na 2022 da ya ci wata takwas, wanda ya bar gwaje-gwaje suka lalace a firjin da ba wuta. Ban ga laifin wanda ya zaɓi ƙasida ba. Da ni ne, da iyali a wuya, ita zan zaɓa.

Duk da haka fasaha tana fita daga jami'ar nan, ta ƙaramar ƙofa. Mai kula da ɗakin ƙira wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Ba shi da digiri, kuma sunansa ba ya kan ko ɗaya daga kundayen da aka ɗaure da baƙin bango a laburare, alhali kusan duk injin da ke rumfar hannunsa ya bi ta kansa. Shi ne zai dubi zanen ɗalibi ya ce, "Yaro, wannan ƙarfen da ka rubuta ba a sayar da shi a garin nan, nemo wanda ke akwai." A wajen ƙofar akwai layin masu walda, kuma rabinsu yaransa ne. Abin da ya ga ya yi kyau a ciki, bayan wata biyu za ka gan shi a can, an rage masa ƙyale-ƙyale, an sa masa injin ɗan Caina da kowane makanike ya san kansa, an shafa koren fenti. Farfesa ya kira wannan sata. Baba kuwa cewa ya yi abin da aka bar wa zanzaro, ina laifin wanda ya ba manomi. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma wanda ya taɓa zagaya Panteka a Kaduna ya san inda injunan casa da niƙan ƙauyukanmu suke fitowa.

Ɗaya ɓangaren da ake sa ran zai haɗa jami'a da kasuwa shi ne cibiyar koyon sana'a. Tun wajen 2007 hukumar kula da jami'o'i ta wajabta wa kowane ɗalibi kwas kan kasuwanci da dogaro da kai. Ranar Asabar farfajiyar cibiyar takan cika da bokitai: sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, cincin. Na tsaya ina kallon wani ɗan aji uku a fannin lantarki yana dama sabulu da muciya, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Maki biyu yake nema, ba wani abu ba. Da wannan yaro aka haɗa shi da mai gyaran famfon sola na wata uku, da an ci riba biyu.

Amma kada in yi wa wurin rashin adalci. A nan na haɗu da wata ɗaliba mai karatun kimiyyar abinci da ta ɗauki abin da gaske. Garin kauɗar tumatir take yi. Ta ce tun tana yarinya take ganin yadda farashin kwando ke faɗuwa ƙasa warwas a kakar tumatirin rani, manoma su yanka shi su shanya a ƙasa, ya sha ƙura da kashin awaki. Ita a cikin ɗaya daga na'urorin rumfar nan take busar da nata, wadda Baba ya kakkaɓe ya canza mata raga. Jan garin nata har ɗaukar ido yake. Matan malamai na saye, ƙawayenta na tallata mata a WhatsApp. Inda ta cije shi ne manyan kantuna, don ba sa karɓar kayan ci sai da lambar NAFDAC, lambar kuma sai an yi rajistar sunan kasuwanci, an zo an duba wurin da ake sarrafawa. Ɗakin kwanan ɗalibai ba zai ci wannan jarrabawa ba. Abin da take buƙata daga jami'a bai wuce ɗaki ɗaya mai tayil da ruwan famfo da raga a taga ba, wanda masu irin sana'arta za su riƙa karɓa-karɓa. An ba ta takardar yabo.

Akwai wani abin da ya fito daga jami'a ya shiga rumbunan Hausawa, har mutane suka manta asalinsa: buhun PICS na ajiyar wake. Wani masanin ƙwari na jami'ar Purdue a Amurka, Larry Murdock, shi da masu bincike na Kamaru a Marwa suka fara aikin tun ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ba ta da wuya. Leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne da kansa. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba fiya-fiya, ba ƙwayar magani. Wanda ya tuna cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ya san darajar wannan.

Abin lura shi ne dabarar ta yi kusan shekara 20 tana nan ba ta bazu ba. Sai a 2007, da gidauniyar Gates ta ba da kuɗi, aka shiga aikin da ba ya kawo maki. Aka samu kamfanin Lela Agro a Kano ya riƙa buga buhunan. Aka nemo dillalai da masu shaguna a kasuwannin ƙauye. Masu bincike a Maraɗi suka yi ta gwaji. Malaman gona suka bi ƙauyuka dubbai a ƙasashe 10, ana ɗaure buhu a gaban mai gari da jama'a, a dawo bayan wata huɗu ko shida a kwance shi a bainar kowa. Gani ya kori ji. Jami'ar Purdue ta riƙe sunan buhun a matsayin tambarinta, tana ba masana'antu izinin bugawa. Ilimin da ke cikin ledar kaɗan ne in aka gwada shi da zirga-zirgar da ta kai ta hannun manomi, kuma zirga-zirgar nan ce ba wanda aka ɗauka aiki dominta a ofishin hawa na biyu.

Ranar da zan bar garin na koma rumfar in yi wa Baba sallama, sai na tarar da baƙo. Wani Alhaji ne mai sayen hatsi, ɗansa ya ba shi labarin wani injin sussukar dawa da aka ƙera bara. Baba ya sa aka jawo shi waje, aka zuba mai, aka ja igiya sau uku ya tashi. Alhaji ya ɗebi tsabar a tafin hannu, ya hura, ya duba ko ta farfashe. Ya gyaɗa kai.

"Baba, nawa ne?"

Baba ya ce shi ba shi da ikon yanka farashi, kayan jami'a ne. Aka kira shugaban sashe a waya, ya ce a je wurin farfesa. Farfesa ya sauko da kansa, ya yi murna ƙwarai, ya ce Alhaji ya rubuto takarda, za a kai wa kwamiti, kwamiti ya tantance rabon jami'a da na sashe da na malamin da ya duba aikin, sannan a ba shi lambar da zai biya kuɗin a asusun gwamnati ta banki. Alhaji ya tambayi yaushe kwamitin zai zauna. Aka ce in an dawo hutu.

Alhaji ya dubi dawar da ke hannunsa, ya ce tasa tana can a tare a gona, kuma masu sussuka da hannu sun ƙara kuɗi bana. Ya yi godiya, ya karkaɗe babbar rigarsa. Da suka zo daidai motarsa ya rage murya ya tambayi Baba wani abu, Baba ya nuna masa ƙaramar ƙofa da haɓa, ya ce shago na uku, mai koren fenti. Leburori biyu suka tura injin suka mayar da shi gurbinsa, kusa da na gyaɗa.