Yadda Yaran Larabawa Ke Koyon Sarrafa Aikatau

Ɗalibin Islamiyya yakan sha wuya kafin ya haddace sarfu, amma ɗan shekara 3 a Alƙahira ko Kuwait yana juya fi'ili, wato aikatau, ba tare da malami ba. Larabcin gida yake fara ji, Fusha, wato Larabcin littafi, sai a makaranta.

Aikin ba ƙarami ba ne. A Hausa "ya", "tana", "za su" ne ke nuna lokaci da mai yi. A Larabci kuwa jikin aikatau ne ke sauyawa: abin da ya wuce ana masa ƙari a ƙarshe, "katabit", ta rubuta, wanda ake cikin yi a farko, "bitiktib", tana rubutawa, a Larabcin Masar.

Binciken Khawla Aljenaie kan yaran Kuwait ya nuna tun wajen shekara 2 suke amfani da waɗannan alamomi, kuskurensu kaɗan ne. In abin ya kakare musu, sukan koma ga gajeriyar siga mai kama da umarni.

Yaron da ya girma yana yawan zubar da alamomin nan, ya kamata iyaye su kai shi wurin masanin matsalar magana da wuri.