Kifi Da Nono: Miyar Shamar Da Tsoron Albaras

A wannan wata za mu leƙa madafa ne, ko da yake na san wasu za su ce me ya kai malamin makaranta wurin murhu. To, ku yi haƙuri ku bi ni, domin maganar ta fi ƙarfin tukunya.

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Norway ya aiko mana da hoton abincin da aka ba shi a gidan maƙwabcinsa. Yankan kifi ne ja, an kwarara masa wata farar miya mai ɗigon kore. Ya ce sunan kifin salmon, miyar kuwa nono ce da ganyen da mu a nan muke kira shamar kore, wasu kuma su ce shabat. Da na nuna wa mahaifiyata hoton sai ta kama baki ta ce, "Kifi da nono? Maza ka gaya wa yaron nan ya bari, kada ya dawo mana da albaras." Na ce, "Inna, ai mutanen ƙasar haka suke ci tun kakanninsu." Ta ce, "Su suka sani."

Da maganar ta tsaya nan da ban ɗauki alƙalami ba. Amma akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa, wadda fararen tabo suka fito mata a hannu da gefen baki, abin da Larabawan nan ke kira bahag. Yara suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita, manya kuma suka ɗora wa uwarta laifi, wai ita ta ba ta nono bayan ta ci kifi. Uwar ta zo makaranta tana hawaye, tana rantsuwa ba ta taɓa haɗa mata su ba. Yarinyar ta yi makonni ba ta zo aji ba. Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu duba maganar nan da idon basira.

Daga Ina Tsoron Ya Samo Asali?

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan tsoro ba. Akwai shi a wurin Larabawa da mutanen Indiya, kuma tsoho ne ƙwarai. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kawo gargaɗin likitocin da game da haɗa kifi da nono, cikinsu har da Ibnu Masawaihi, likitan Bagadaza wanda ya rasu a shekarar 857. Gargaɗi ne na likitanci gwargwadon sanin zamaninsu. Kifi halal ne, nono halal ne, wanda kuma ya ga ya fi natsuwa da raba su babu mai zarginsa.

Su ma Turawa sun daɗe suna tuhumar kifi. Wani babban likitan Ingila mai suna Jonathan Hutchinson ya wallafa littafi a 1906 yana cewa cin ruɓaɓɓen kifi ke kawo kuturta. Alhali kuwa tun 1873 wani likita mai suna Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, a birnin Bergen na ita wannan Norway ɗin da ake cin kifi da nono. Yau kuturta tana da magani, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da shi kyauta.

Shi kuwa bahag dabam yake da kuturta, ko da yake mukan haɗa su duka mu ce albaras. Abin da likitoci suka gano shi ne, garkuwar jikin mutum ce ke juyawa ta far wa ƙwayoyin da ke ba fata launi, sai wurin ya yi fari. Yakan bi jini a wasu gidaje, yana samun kimanin mutum 1 cikin 100, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa. Babu binciken da ya tabbatar da cewa kifi da nono ke kawo shi. Saboda haka ita uwar yarinyar nan zaluntarta aka yi.

To, amma magabata ba su yi magana a banza ba. Kifi da nono su ne abinci biyu da suka fi saurin lalacewa a ƙasa mai zafi. Wanda ya ci kifin da ya kwana ya bi shi da nonon da ba a tafasa ba, lalle zai ji a cikinsa, wani har ƙaiƙayi da borin jini. Nan haɗarin gaskiya yake, kuma nan ya kamata mu sa ido.

Salmon Ba Ya Nilu, Amma Muna Da Giwan Ruwa

Salmon kifin ruwan sanyi ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai. Mutanen Norway sun fara kiwonsa cikin keji a teku wajen 1970, yanzu suna fitar da fiye da tan miliyan 1 a shekara. Ruwanmu ya yi masa zafi, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta.

Sai dai Allah bai bar mu haka ba. Daga Kalakla, Farin Nilu na nan yamma da mu, madatsar Jabal Auliya kuma, wadda aka gama ginawa a 1937, tana kudu da mu, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar Hartum. Duk wanda ya san bakin madatsar nan, ko ya taɓa sammako kasuwar kifi ta Morada a Omdurman, ya san da yawa daga cikin masu jefa taru 'yan'uwanmu ne. Su sana'a ce da kakanninmu suka zo da ita daga yamma. Har ma akwai kifin da sunansa ɗaya ne a bakinmu da bakin Larabawan Sudan, wato kawara, wanda ake yin fasikh da shi.

Kifin da ya fi dacewa da wannan miya shi ne giwan ruwa, wanda ake kira ijil a nan. Shi ne dai wanda masunta ke rububin kamawa a bikin Argungu. Tsokarsa fara ce mai kauri, ƙayarsa kaɗan, ga ɗan maiƙo. Bayansa sai ragon ruwa, wato bayad, sannan karfasa, wato bulti, wadda ta fi araha. Tarwaɗa kuwa a bar ta ga miyar yaji, domin ƙarninta yakan danne ƙamshin ganyen.

In za ki saya, uwargida, ki duba abu uku. Idon kifin ya zama garau bai faɗa ba. Ki ɗaga kunnensa ki ga ciki ja ne. Ki danna tsokar da yatsa, in ta taso ta koma daidai to sabo ne, in ramin ya tsaya ki wuce ko da kyauta aka ba ki.

Gyaran Kifi

A samu kilo 1, a kankare, a wanke da lemun tsami, a yanka kaurin yatsa biyu. A daka tafarnuwa sala 4 da gishiri da masoro da garin kazbara da ɗan shatta, a matsa lemun tsami 2, a shafe kifin a bar shi minti 20. Daga nan a gasa a kan garwashi kamar yadda muke gasa agashe, ko a soya a mai kaɗan. Yanka mai wannan kauri yakan nuna cikin minti 10 zuwa 12, ana juya shi sau ɗaya. Alamar nuna ita ce tsokar ta yi fari har ciki, ta riƙa rabuwa da kanta.

Miya Ta Farko: Ta Sanyi

Kayan haɗi su ne zabadi ko kindirmo kofi 2, shamar kore dami 1, lemun tsami 1, tafarnuwa sala 2, man riɗi cokali 1, gishiri da masoro.

A juye zabadin a cikin farin ƙyalle mai tsabta, a rataye shi kamar rabin awa ruwan ya tsiyaye, domin Turawa da kirim mai kauri suke yi, wannan tacewar ce za ta ba mu irin kaurin. A wanke ganyen, a tsinke masu laushin a zubar da kara, a yanka ƙanana da wuƙa. Kada a daka shi a turmi, yakan yi baƙi ya yi ɗaci. A haɗa komai a juya, a rufe minti 15 ƙamshin ya shiga, sannan a kai gaban maigida.

Miya Ta Biyu: Ta Wuta

Wannan ita na fi ba da shawara a halin da muke ciki. A narka man shanu cokali 2, a soya ƙaramar albasa har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba. A zuba fulawa cokali 1 a juya minti ɗaya. A riƙa tsiyaya tafasasshiyar madara kofi 1 da rabi kaɗan-kaɗan ana juyawa kada ta yi gudaji. In ta fara kama bayan cokali sai a zuba gishiri da masoro da shamar, a bar shi ya tafasa minti 2. A sauke, sannan a matsa lemun tsami. Nan ne mata da yawa ke kuskure: in aka sa tsami tukunya na kan wuta, madarar tsinkewa take yi ta zama cuku da ruwa.

Ana ci da shinkafa, ko gurasa, ko dafaffen dankali kamar yadda su can suke yi. Mun gwada da kisra ma ta shiga.

Ga Wanda Zuciyarsa Ba Ta Kwanta Ba

Innata dai har yau ba ta yarda ba, ni kuma ba zan yi jayayya da wadda ta haife ni a kan miya ba. Sai maiɗakina ta samo dabara. Ta dama tahaniya cokali 4 da ruwan ɗumi da lemun tsami har ta yi fari ta yi kauri, ta zuba tafarnuwa da shamar. Babu ɗigon nono a ciki, amma ido ba ya bambancewa. Ana iya yi da dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, sai dai launin ba zai yi fari ba. Inna ta ci ta ce, "To, wannan ita ce miyar mutane."

Hattara Da Zafi Da Ruwa

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, babu gidan da bai ɗanɗana ba a Kalakla. Da yawa sun yi hijira, waɗanda suka komo bayan watan Maris 2025 kuma sun tarar da wayoyin lantarki a tsinke da famfuna a bushe. A watan Mayu na 2025 kwalara ta yi ɓarna a jihar Hartum. Saboda haka ga sharuɗɗa huɗu, kuma ina roƙon a riƙe su da kyau.

Na ɗaya, duk madarar da aka saya a wurin masu shanu a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da kindirmo, domin ɗanyar madara ce ke kawo zazzaɓin Malta. Na biyu, ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kilorin. In ana shakkar ruwan, ko ana jin labarin amai da gudawa a unguwa, a bar miyar sanyi a yi ta wuta. Na uku, miyar nono ba ta wuce awa 2 a waje, in kuwa lokacin bazara ne da zafi ke haura digiri 40, awa 1 ce. Na huɗu, in babu firji kada a ajiye saura, a yi daidai cikin mutanen gida.

Shi shamar ɗan sanyi ne, ya fi yawa da araha a kasuwar Laffa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ke da tsohon garwa ko bokiti ya huda ƙasansa, ya cika da ƙasar bakin kogi da taki, ya watsa iri a farkon sanyi. Ba ya son dashe, a bar shi inda ya tsiro. Cikin mako 6 zuwa 8 za a fara tsinka.

Yaranmu sun sha yunwa a shekarun nan, da yawa sun rame, malamai kuma muna ganin haka a aji, yaro ya kasa ɗaga kai kafin ƙarfe 10. Kifi da nono suna daga cikin abincin gina jiki mafi kusa da hannun talaka a bakin Nilu. Bai kamata tsoro ya sa uwa ta hana ɗanta nono yini guda don ya ci kifi da safe ba. Ita kuwa yarinyar da na ba ku labari, ta koma aji bayan da na zauna na ci abinci kwano ɗaya da ita a gaban sauran yara. In akwai irinta a unguwarku, a kai ta wurin likitan fata, a kuma daina nuna uwarta da baki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu. Wassalam.