Man shafawa mai sinadarin zink: tsarkinsa da hukuncin alwala

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ɗalibai sun yawaita tambayarmu game da farin man nan mai kauri da ake shafa wa jarirai in fatarsu ta saɓule, da kuma man kariya daga rana. A jikin kwalin za ku ga an rubuta zinc oxide, ko oxyde de zinc in rubutun Faransanci ne.

Shi wannan sinadari farin gari ne da ake samu in an ƙona ƙarfen zink, wanda ake lulluɓe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Likitocin Musulmi na da sun san shi da suna tutiya, suna sa shi cikin maganin ido. Tunda ma'adini ne, ba daga dabba ya fito ba, mai tsarki ne. Tarayyar Turai ta amince a sa shi cikin man kariya daga rana har kashi 25 cikin 100. Yana tare hasken rana mai ƙona fata, shi ya sa 'yan'uwanmu zabiya suka fi kowa bukatarsa. Farin da yake bari a fuska na ɗan lokaci ne, ba ya sauya launin fata, don haka kada a haɗa shi da mayukan bilicin da muke hanawa.

Inda muke so a lura shi ne alwala. Garin ba ya narkewa a ruwa, kuma sau da yawa ana kwaɓa shi da mai mai danƙo don ya zauna bisa fata ya kore damshi. Amfaninsa ke nan ga jariri. To amma malamanmu na Malikiyya sun shardanta kada a samu abin da zai hana ruwa isa ga gaɓa. In mai ne siriri da fata ta shanye, ba komai. In kuwa ya yi kauri har kana iya kankare shi da farce, sai an wanke shi da sabulu tukuna. Uwar da ta shafa wa ɗanta ta duba tsakanin yatsunta da gefen farcenta, nan ya fi maƙalewa.

Wanda likita ya sa wa shi a kan ƙuna ko miki, kuma wankewar za ta cutar da shi, sai ya yi shafa a kai, ya wanke sauran gaɓar.

Allah ne Mafi sani.