Me ya sa sistocin Kalkata ke ɗaura farin sari?

Wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya san sari, amma na waɗannan mata ba na kwalliya ba ne. Farin yadin auduga ne mai araha, da ratsin shuɗi uku a bakinsa. A shekarar 1948 Mother Teresa ta ajiye kayan zuhudun da ta saba sawa, ta ɗaura irin tufar matan talakawan Kalkata. A 1950 ta kafa ƙungiyar waɗannan sistoci a ƙarƙashin cocin Katolika.

Shuɗin nan launi ne da Katolika ke danganta shi da Maryamu, mahaifiyar Yesu. Kowace sista sari uku take da shi: ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Masu fama da kuturta ne ke saƙa su da hannu a garin Titagarh.

To me ke jan 'yan mata zuwa wannan rayuwa? A ganina, hutu ne daga gasar ado da tara kaya. Sai dai hutun ba na kwanciya ba ne: kafin ƙarfe biyar na asuba an tashi addu'a, daga nan sai wanke majinyata da ciyar da su, ba aure, ba albashi.