Lambar da Ke Kan Takardar Saye da Ainihin Saurin Kwamfutar Ofis

Duk hadimin da aka taɓa ɗora wa nauyin rubuta takardar buƙatar sababbin kwamfutocin tebur ya san layin nan da 'yan kwangila ke sakawa cikin tayinsu: "1TB, SATA 6Gb/s". Lambar tana da ban sha'awa, mai sa hannu kan ɗauka ya samo wa ma'aikatarsa na'ura mai sauri. Sai kaya su iso, ma'aikaci ya kunna da safe, ya gaisa da maƙwabtan teburinsa har ya dawo, Windows ba ta gama buɗewa ba.

Ɗan kwangilar bai yi ƙarya ba. Lambar ta hanyar da bayanai ke bi ce tsakanin ma'ajiya da babban allon kwamfuta, ba ta ma'ajiyar kanta ba.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna da faffaɗan kebul mai kama da ɗamara, wato IDE, wanda ya fito a 1986, ya tsaya a megabayit 133 a daƙiƙa. SATA ta maye gurbinsa daga 2003 da megabayit 150, ta ninka zuwa 300 a 2004, sannan 600 a 2009. Wannan na ƙarshe shi ne "6Gb/s". Gigabit ake nufi, ba gigabayit ba, kuma a kowane bit goma da ke ratsa kebul ɗin, takwas ne kaɗai ke ɗauke da saƙo. Da haka gigabit 6 ke komawa megabayit 600.

To, faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ɗaya ba ya ko kusantar wannan iyaka. Idan yana karanta babban fayil guda a jere, abin da yake bayarwa yana tsakanin megabayit 150 da 200 ne a daƙiƙa. Aikin ofis kuwa ba haka yake ba: wasiƙu ne, da jadawalin Excel, da dubban ƙananan fayiloli warwatse, kowanne sai hannun karatu ya matsa ya jira faifan ya juyo da shi. A nan lokacin ma'aikaci ke salwanta. Faɗin titin filin jirgin saman Abuja ba zai ƙara wa amalanke gudu ba.

Ma'ajiyar SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, ita ce ta cika hanyar SATA maƙil, tana kaiwa kusan megabayit 550. Da hanyar ta yi mata kaɗan aka fito da ƙa'idar NVMe a 2011, mai bi ta layukan PCIe kai tsaye: kusan megabayit 3,500 a kan PCIe 3.0, da kusan 7,000 a kan PCIe 4.0.

Akwai wani tarko a nan. "M.2" sunan siffa ne, ɗan siririn allon da ake sokawa a jikin babban allo, ba sunan sauri ba. Akwai M.2 mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe, a ido kusan iri ɗaya suke. Takardar da ta ce "M.2 SSD" kawai ta bar wa mai kawo kaya damar zaɓar mai araha. A rubuta NVMe ƙarara idan ita ake so.

A ganina, ba kowane tebur ke buƙatarta ba. Mai buga wasiƙu da wuya ya ji bambanci tsakanin 550 da 3,500; sashen yaɗa labarai mai haɗa bidiyo, ko mai kwafar manyan rumbunan bayanai, shi zai ji. Bambancin da kowa ke gani tun ranar farko shi ne na barin faifai mai juyawa. Kwamfutocin da aka jibge a ɗakin ajiya don an ce sun tsufa, duk wadda ke da kafar SATA za ta karɓi SSD mai inci 2.5 da kebul ɗin da ke cikinta yanzu.