Jakar ruwa a cikin babban mutum: a ciro ta gaba ɗaya, kada a huda

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, da ƴan uwa da ke bin mu daga Abijan, Legas ko Libiya, yau batunmu kumburin ciki ne. A ƙauyukanmu, in ciki ya tashi, wani ya ce sammu, wani ya ce saifa, mace kuma a ce cikinta ne ya kwanta. To akwai wani kumburin da ba mu cika jin labarinsa ba. Likitoci na rubuta shi a takarda da Faransanci lymphangiome kystique, mu kuma bari mu ce masa jakar ruwa.

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe ruwa mai haske suna mai da shi cikin jini. Su ne ke bi ta wurin da kaluluwa ke fitowa. In wani reshe ya toshe, ko tun a halitta bai haɗu da sauran ba, sai ruwa ya taru, ya yi jaka. Galibi yara ƙanana ake gani da ita, a wuya ko hammata. Wadda ke fitowa a ciki ba ta kai 5 cikin 100 ba, a babba kuwa ta fi wuyar samu. Inda ta fi zama shi ne tantanin nan mai kitse da ke riƙe hanji, wanda duk mai feɗe akuya ya san shi. Ruwanta wani lokaci garau, wani lokaci fari kamar madara.

Abin kwantar da hankali: ba kansa ba ce, ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta daga wani. Amma tana girma sannu-sannu. Mutum ya ji nauyi, ya ci loma kaɗan ya ƙoshi, ciwo na zuwa yana tafiya. Ranar tsiya tana iya murɗe hanji, ko ta yi mugunya, ko ta fashe. In aka ga ciwo mai tsanani, amai ba tsayawa, ba kashi ba tusa, wannan ba ya jiran safiya. A nemi mota nan take.

Hannu kaɗai ba ya rarrabe ta da ruwan ciki na ciwon hanta, ko ƙarin ƙwan mace, ko jakar tsutsar da ake samu daga karnuka. Sai an yi hoton eko. A fara daga CSI, su tura zuwa asibitin gunduma. A nan kusa akwai asibitin Galmi, cikin gundumar Malbaza, da ke aiki tun 1950, inda ake fiɗa, har ana horar da likitocin fiɗa. Akwai babban asibitin jihar Tawa. In ana buƙatar hoton sikana ko ƙarin bincike, likita zai faɗi inda za a nufa, ko Yamai, wasu kuma Sakkwato suke ƙetarawa.

Ga gargaɗinmu: kar a yi sakiya, kar a yi tsaga, kar a bar kowa ya zuƙe ruwan da allura a gida. Jakar kamar rijiya take mai ido: ka kwashe yau, gobe ta kawo. Ga haɗarin huda hanji, ga shigar ƙwayar cuta. In kuwa ta tsutsa ce, fashewarta na iya kashe mutum.

Maganin da ke raba mutum da ita shi ne aiki. Ana sa barci, likita ya buɗe cikin, ya ɓanɓare jakar duka da bangonta. In ta manne wa jijiyoyin da ke ciyar da hanji, yakan yanke guntun hanjin tare da ita, ya ɗinke bakin biyu. Kar wannan ya firgita dangi: ƙaramin hanji ya kai kamar mita 6, saura ya isa aiki. In an bar guntun bango, tana iya komowa, shi ya sa ake kiran mutum ya dawo awo ko da ya ji garau. Abin da aka ciro ana son a kai shi ɗakin bincike, a tabbatar da irinsa.

Bayan aiki, a ba ɗinki haƙƙinsa. Kamar sati 6 ba ɗaukar buhun albasa, ba jan guga, ba daka.

Ku kuma na ci-rani, in an kira ku an ce cikin tsoho ko na uwargida ya kumbura, kafin ku turo kuɗin sassaƙe da rubutu, ku tambaya: an yi eko? Mi takarda ta ce? Ku sa a ɗauko hotonta a turo muku ta WhatsApp. Ku tanadi kuɗin mota da na jinya, a kuma shirya ƴan uwa biyu ko ukku da za su ba da jini in an nema. Aikin da aka sa wa rana ya fi sauƙi da araha bisa ga na tsakar dare, bayan hanji ya murɗe.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi.